Takardar Koke Kan Giwayen Yankari da Talakawan da Ke Kwana a Gefensu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Bauchi,
Gidan Gwamnati, Bauchi.

Ta hannun iyayenmu hakimai da dagatai na ƙasar Alkaleri.



Ranka ya daɗe, mu ne talakawanka na ƙauyukan da suka yi iyaka da dajin Yankari. A cikinmu akwai manoma, akwai Fulanin da aka haife su a nan, akwai tsofaffin maharba da suka rataye baka, akwai kuma matan da mazajensu suka rasu a bakin aikin gadin daji. Sai da muka zauna sau uku a ƙofar gidan mai unguwa bayan La'asar kafin baki ya zo ɗaya a kan a rubuta wannan takarda. Aka miƙo mini alƙalami saboda ni malamin firamare ne, kuma ɗan maharbi. Abin da ke ciki maganar jama'a ce, kuskuren rubutu kuwa nawa ne.

Kokenmu a kan giwa ne. Mun san da zarar ɗan ƙauye ya ambaci giwa a gaban hukuma, akan ɗauka cewa ya zo neman a harbe masa ita. Ba wannan ya kawo mu ba. So muke ta rayu, jikokinmu su gan ta da idonsu. Abin da ya hana mu barci shi ne yadda aka raba nauyin rayuwar tata: yabo na masu nisa ne, ɓarna kuwa a gonarmu take sauka. In aka ci gaba a haka, wata rana mafaraucin sata zai samu ƙauye guda da ya ga shigarsa daji ya kau da kai.

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jiharmu a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Mai girma Gwamna ya fi mu sanin wannan. Abin da ba ya cikin fayil shi ne abin da tsofaffinmu suka gani. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan zauna da dare ya lissafo mana namun dajin da ya sani a kwarin Gaji: raƙumin dawa, rabbi, kyarkeci, mariya, dari, kwanta-rafi, barewa. Ko ɗaya daga cikinsu ba ka samu a Yankari yau. Na taɓa rubuta waɗannan sunaye a allo na tambayi 'yan aji shida, yaro ɗaya ne ya ɗaga hannu, ya ce Mariya sunan ƙanwarsa ne. A 2006 sai da aka ɗauko raƙuman dawa tun daga Namibiya aka zuba a gandun Sumu, domin namu na gida sun riga sun ƙare a tukunya.

Sauran da suka rage su ne abin tsoro. Giwayen da a wajen 2006 ake ƙiyasta su kusan 350, yanzu maganar ɗari ake yi, kuma duk da haka suna cikin garkuna mafi girma da suka saura wa Nijeriya. Giwa takan ɗauki ciki wata 22, ta haifi ɗa guda, sai ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake. Abin da bindiga ta kwashe a damina ɗaya, haihuwa ba ta mayar da shi a shekara ashirin. Zaki kuwa, duk faɗin ƙasar nan wuri biyu ya rage masa, Yankari da dajin Kainji. Sarakunanmu ana yi musu kirari da zaki da toron giwa, to ga masu sunan suna shirin barin ƙasa.

Ba za mu yi butulci ba. Akwai lokacin da duk wanda ya bi ta bakin daji zai ji warin mushen giwa, an sare fuskar an zare haure an bar sauran ga kuraye. Tun da jiha ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS a 2014 sintiri ya ƙarfafa, kuma daga 2015 aka shafe shekaru ba a tsinci giwar da aka kashe don haure ba. A 2019 aka ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya, ana ganin inda suke ta tauraron ɗan'adam. An ɗauki wasu 'ya'yanmu su riƙa bin sawun garke suna buga waya in ya doshi gonaki. Wannan aiki ne, mun gani, mun gode. Sai dai giwar da aka tsare daga harsashi tana cin abinci, kuma ba ta san inda aka ja iyaka ba.

Ka yi mini izini in faɗi abin da ya same ni, don mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Wata shekara, dawa ta yi kai, masara ta bushe saura karya, ina kwance a bukkar gona da ƙanena. Can tsakar dare kare ya shigo bukka ya lafe a ƙafata yana rawar jiki, bai ko yi haushi ba. Giwa ba a jin takunta, ranka ya daɗe. Abin da ake ji shi ne karan dawa yana karyewa, ƙas, ƙas, sai wani gurnani mai zurfi da kake jin sa a ƙirjinka kafin kunnenka. Na haska tocila na ƙirga bakwai, har da ƙarami yana bin gindin uwarsa. Muka buga garwa, muka hura wuta, muka zuba barkono a garwashi har mu da kanmu muka shaƙe muna tari. Uwar garken ta juyo, ta buɗe kunnuwa, ta yi taku uku wajenmu. Daga nan ban san lokacin da na bar takalmina ba.

Da gari ya waye muka koma. Babbar giwa takan ci fiye da kilo ɗari na ganye da hatsi a wuni, amma abin da ta tattake ya fi abin da ta ci. Gonar da nake sa ran dami arba'in, abin da muka tsince bai cika amalanke ba. Kashinsu na nan tuli-tuli yana tururi, ga ƙwayar masarata a ciki ba ta ko narke ba. Ƙanena ya tsuguna ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Yaya, da saniyar wani ce ta yi mana wannan, da yanzu muna gaban alƙali." Ban ba shi amsa ba. Ni ina da albashi, komai ƙanƙantarsa. Maƙwabcina na gabas ba shi da komai sai wannan gona da 'ya'ya tara, a shekarar ya sayar da akuyoyin matarsa, kafin bazara ya tura manyan yaransa birni ci-rani.

Mun ɗauki hoto, mai unguwa ya sa hannu, muka tara kuɗin mota muka kai kuka wani ofishi. Aka karɓe mu da fara'a, aka ba mu benci, aka ce mu rubuto a takarda. Muka rubuto. Aka ce a kawo kwafi uku. Muka kawo. A zuwa na huɗu aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Kuɗin motar da muka kashe ya kai na buhun masara, sai muka haƙura.

Ba a yi sati biyu da wannan ɓarna ba wani baƙo ya sauka a ƙauyenmu a kan babur, ya ce fataucin zuma yake yi. Ya zauna a teburin mai shayi ya saya wa kowa, ya jajanta mana sosai, har ya ce shi ma ɗan manomi ne. Da hira ta yi daɗi ya fara tambaya: ta wace hanya suke fitowa, a wane tafki suke shan ruwa, akwai mai dogon haure a cikinsu, kwana nawa malaman daji ke yi kafin su sake zagayowa ta nan. Wani dattijo ya ƙyafta mini ido, muka lallaɓa muka aika wa ma'aikata, baƙon ya sha jinin jikinsa ya ɓace kafin Magariba. Amma na ga fuskokin samarin da ke wurin, ranka ya daɗe, kuma ba zan yi rantsuwa cewa in ya dawo a wata shekarar yunwa za a sake tona shi ba. Da ɗan gari akan ci gari. Mafaraucin sata ba ya shiga dajin da bai sani ba sai da jagora, kuma jagoransa kullum mutum ne mai jin an zalunce shi. Kowace gona da aka cinye ba a ce wa mai ita ko sannu ba, an yi wa ɓarawon haure shimfiɗa.

Don haka roƙonmu na farko, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne a kafa asusun diyyar amfanin gona, a kuma sa shi cikin kasafin kuɗi don kada ya zama sai an ga dama. A bar malamin gona da mai unguwa da wakilin daji su je su auna ɓarna cikin kwana uku, tun sawu bai goge ba, a biya kafin rumbu ya tashi. Mun san za a ce mutane za su yi ƙarya. Wasu za su gwada. Amma sawun giwa ba a ƙera shi, kuma na'urar da ke wuyanta tana faɗin inda ta kwana. Ko da hatsi aka biya, mun karɓa. Sannan a faɗaɗa abin da aka fara na shingen amya, tunda giwa na tsoron ƙudan zuma, ga kuma zumar da za a sayar. A ƙara hasumiyar gadi da manyan fitilu a gonakin da ke bakin daji.

Kokenmu na biyu a kan wanda ake kamawa ne. Wanda muke gani an tasa ƙeyarsa yaro ne mai bindigar toka da gada guda a buhu. Ba mu ce a sake shi ba, laifi ya yi. Amma waye ya ba shi albarushi bashi? Waye mai motar da ke zuwa da asuba ta kwashi banda? A teburin wa ake cin naman gwanki da ɓauna a birni? Mu ba mu da kuɗin sayensa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mun ji a rediyo cewa a watan Oktoban 2023 gwamnatin tarayya ta ƙone kusan tan huɗu na ɓawon ɗankunya a Abuja, a watan Janairun 2024 kuma ta niƙe hauren giwa tan biyu da rabi. Akasarin wannan kaya daga wasu ƙasashen Afirka aka shigo da shi don a fitar ta tashoshin ruwanmu zuwa Asiya, alhali an haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989. Mai bindigar toka ba ya cika kwantena. Muddin hanyar tana buɗe ga masu kwantena, hauren Yankari yana da farashi, kuma akwai mai lissafinsa.

Dokar namun daji da muka gada tushenta na 1963 ne, tun zamanin Jihar Arewa. Ta tarayya ta 1985 an yi mata gyara a 2016. Muna roƙo a duba ta jiha a ɗaga hukunci ya dace da zamani, domin in tara ba ta kai kuɗin cinyar ɓauna ba, to ta zama kuɗin shiga daji kawai. A kuma rubuta ƙarara cewa mai saye da mai dako da mai ba da makami hukuncinsu ya fi na mai harbi.

Dattawanmu maharba sun ce lallai in rubuta cewa a daina haɗa su da waɗannan mutane. Farautar gado tana da ladabi. Maharbi ba ya harbin mai ciki, ba ya harbin mai shayarwa, ba ya shiga daji da damina lokacin haihuwa, kuma in ya saɓa akwai Sarkin Baka da zai tuhume shi. Na yanzu wayar birkin babur suke ɗaurewa su yi zarge ɗari a hanyar ruwa, su tafi su manta da rabi. Waya ba ta zaɓe. Wani tsohon ma'aikaci ya ba mu labarin ɗan giwar da ya gani hancinsa ya guntule, yana durƙusawa ya sha ruwa da baki kamar ɗan akuya. Tsofaffin maharban nan sun san kowane kwazazzabo, suna duban sawu su gaya maka jiya aka wuce ko shekaranjiya, mutum nawa ne, da kaya ko ba kaya. Wannan ilimi yana nan zaune a gindin bishiya yana jiran mutuwa. A ɗauke su aiki, ko da na ba da shawara ne, su koya wa matasan ma'aikata.

Sai maganar malaman daji, wadda ita ce ta sa mata kuka a wurin taronmu. Yawancinsu 'ya'yanmu ne. Sukan yi kwana bakwai ko fiye a daji, a ƙafa, da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, suna kwana inda dare ya yi musu, ga ƙudan tsando ga maciji. Wanda suke nema kuwa sau da yawa makaminsa ya fi nasu. An kashe wasu a bakin aiki, kowa ya sani. Ɗaya daga cikinsu maƙwabcina ne, tare muka yi makarantar allo. Matarsa yanzu ƙosai take soyawa a bakin makarantarmu, babban ɗanta yana ajina, shi ke zuwa a makare saboda sai ya kai mata itace. Takardun haƙƙin mijinta suna cikin wata leda a ƙarƙashin katifa, ta kai su inda aka ce ta kai har gefensu ya lanƙwashe. Da na ce mata za mu rubuto maka, ta ce, "Malam, ka ce masa ba sadaka nake nema ba." Duk saurayin da ke sha'awar wannan aiki yana wucewa ta gaban kaskonta kullum, yana kuma yin nasa lissafin. Muna roƙon a yi wa ma'aikata inshorar rai, a biya alawus ɗin sintiri a kan lokaci, a ƙara yawansu, a ɗauki nauyin karatun marayun waɗanda suka faɗi.

'Yan'uwanmu Fulani sun ce kada a rufe takarda ba a sa tasu ba. Sun yarda shanu na shiga daji, musamman da rani in aka doshi kwarin Gaji, sun kuma yarda laifi ne. Amma sun ce a tambaya ina burtalin da kakanninsu suka bi, ina makiyayar da aka ware. Gonaki sun cinye, wasunsu namu ne mu manoma, ba za mu ɓoye ba. In saniya ta shiga daji zaki ya kama ta, mai ita ya zuba guba a mushen, ba zaki kaɗai ke mutuwa ba. Kura ta ci, dila ya ci, ungulu su sauko su mutu a zube. Mai girma Gwamna zai iya tuna rabonsa da ganin ungulu a mahauta? Mu mun manta. A fitar da burtali, a haƙa madatsun ruwa a wajen daji, sannan a hukunta wanda ya ƙetare.

Wani zai ce, ana fama da tsadar abinci da 'yan bindiga, wa ke ta giwa? Amsarmu gajera ce. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da ya zama. Kamuku ta Birnin Gwari ma haka. Dajin da ma'aikaci ya daina shiga ba ya zama kango, wani ne ke tarewa a ciki. Malamin dajin da ke bin sawun giwa, ƙauyukanmu yake gadi ko bai sani ba. Masu sare madobiya da masu gawayi kuma su ne ke fara buɗe hanyar da babur zai bi.

Abin da muke nema ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. A yankin Kure da ke kusa da Yamai, raƙuman dawan Afirka ta Yamma sun ragu har saura 49 a 1996. Su ma suna cin waken mutane. Aka haɗa kai da ƙauyuka, aka yi musu rijiyoyi, aka ba mata jari, samari suka zama masu yi wa baƙi jagora, har adadin ya haura 600, a 2018 ma aka ɗebi wasu aka kai Gadabeji. A can talaka ya ga abin da dabbar ke kawo masa. A nan, motocin baƙi suna wucewa ta Mainamaji su nufi Wikki su yi wanka a ruwan ɗumi, mu ƙura ce rabonmu. Yawancin ɗalibaina ba su taɓa ganin Wikki ba, ga shi a bayan gidansu. Giwa kuwa da dare kawai suka san ta, a matsayin abin da ke sa babansu kuka. Muna roƙon a ware wani kaso sananne na kuɗin shiga don rijiyoyi da ɗakunan shan magani da azuzuwa a ƙauyukan gefen daji, a rubuta a allo kowa ya gani cewa daga Yankari wannan ya fito. A kuma sa rana guda a kowane zangon karatu a shigar da 'ya'yanmu kyauta su ga giwa da rana tsaka, tana wasa da ɗanta a ruwa.

Ranka ya daɗe, ba mu kawo ƙarar kowa ba, ba mu kuma ambaci sunan kowa ba. Muna roƙon ka turo wakilai su zo su zauna da mu a ƙauye, ba a ɗakin taro a Bauchi ba, a kira hakimai da ardo-ardo da Sarakunan Baka da shugabannin ma'aikatan daji, a kuma bar matan nan su yi magana da bakinsu. In da hali a yi zaman kafin dawa ta yi kai, domin lokacin ne garke ke fitowa, kuma daga nan ba mai samun mu a gida, duk muna bukkokin gona da garwa da tocila.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora.

Mu ne talakawanka masu biyayya, manoma da makiyaya da tsofaffin maharba da iyalan ma'aikatan daji na ƙauyukan gefen Yankari. Sa hannun masu iya rubutu da dangwalen yatsan sauran suna a takardar da ke haɗe da wannan, tare da hotunan gonakin.